Kwanar da Na Sa wa Hannu a Hanyar Karshi

Ranar Talatar da ta wuce na leƙa tsohon ofishinmu karɓar wata takarda ta fansho, sai na tarar da ku huɗu kun kewaye kwamfuta ɗaya kuna dariya. Ɗaya daga cikinku, mai farin gilashin nan, yana cewa ai a zanen hanya babu aiki mai sauƙi kamar kwana: ka zuba faɗinta, ka zuba gudu, ka danna, shi ke nan. Na karɓi takardata na wuce, don ba ya yi wa tsoho kyau ya tsaya gardama a ofishin da ba shi da kujera a ciki. Amma maganar ta biyo ni har gida, ta hana ni cin tuwo cikin daɗi. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina lissafin kwana a garin nan, tun yana daji, sai ga yaron da ko tayar mota bai taɓa canjawa ba yana ce da aikin danna ka wuce. To ku saurara.

Ni ba injiniya ba ne, kuma ban taɓa cewa ni ne ba. Sunana Sale, mai zane da lissafi. Safiyo ya auno ƙasa, injiniya ya ja layin hanya, ni kuma in zauna in fitar da kowace kwana: yadda za ta buɗe, yadda za a karkata kwalta, da gudun da za a rubuta a allon gargaɗi. In na gama in sa hannu a ƙasan takarda. Kayan aikina tebur ne mai karkata, da fensir, da rezar feƙe shi, da littafin jadawalin lissafi wanda gumi ya riga ya cinye bangonsa. Kalkuleta guda ɗaya ce a ofishin kaf, a durowar shugaba take kwana, sai ka rubuta sunanka kafin a ba ka. Ofishin kansa na katako ne da rufin kwano. Da azahar takarda manne wa gwiwar hannu take yi.

Kwanar farko da aka ba ni wata 'yar ƙarama ce a hanyar shiga gidajen ma'aikata. Wanda ya ba ni shi ne Oga Bitrus, mutumin Kwali, ɗan gajeren dattijo da ya yi aikin hanya a Kaduna da Jos tun ban san hannun damata ba. Na yi lissafin cikin rabin awa na kai masa ina taƙama. Ya duba, ya miƙo min. Na sake, ya sake miƙo min. A karo na uku na ce, "Oga, wallahi babu kuskure a ciki."

Ya ce, "Na ce maka akwai kuskure? Ɗauko hularka."

Ya sa direban ofis ya fito da tsohuwar jif ɗinmu. Ya ɗaure wani ƙaton noti a zare ya rataya shi a rufin motar, ya ce kada in kalli hanya, notin kaɗai zan kalla. Muka shiga wani fili da aka share don gini, direba ya fara zagaye da gudu ɗaya, allurar auna gudu ko motsi ba ta yi. Notin ya karkata waje ya tsaya a karkace.

Oga Bitrus ya ce, "Mota tana ƙara gudu?"

Na ce, "A'a, Oga."

"To me ya karkata shi?"

Na sani a littafi, amma ranar ce na fara gani da idona. Motar da ke cikin kwana, ko gudunta bai canja ba, fuskarta tana canjawa kowane lokaci, kuma ba za ta canja fuska ba sai wani abu yana janta zuwa tsakiyar da'ira. Wannan abin tayoyi ne, su ke riƙe da ƙasa. Oga Bitrus yana kiransa jan tsakiya. Lissafinsa ba wuya: gudu sau gudu, a raba da nisan da ke tsakanin hanya da tsakiyar da'irar. Shi ne abin da kuke zubawa a kwamfuta.

Daga nan ya sa direba ya miƙe sosai ya taka birki. Notin ya yi gaba. Ya sa ya ba ta wuta, notin ya yi baya. Ya ce wannan shi ne jan hanya, wato ƙari ko ragin gudu a kan layin da kake tafiya. Sai ya ce wa direba ya koma zagaye, kuma ya taka birki yana cikin zagayen. Notin bai yi waje ba, bai yi gaba ba, ya bi tsakaninsu, kuma ya karkata fiye da ko wanne a baya. Bayan motar ya zame, na bugi ƙofa da kafaɗa.

Ya ce, "Taya ɗaya ce, aiki biyu ka ba ta. Lissafinka ya san aiki ɗaya kawai."

A kan bonet ya nuna min yadda ake haɗa su. Ba a tara su kamar tara kuɗin cefane, don a gicciye suke da juna. Kowanne za ka ninka shi da kansa, ka tara, sannan ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba ka wannan jimlar. In jan hanya uku ne, jan tsakiya huɗu, abin da taya ke ɗauka biyar ne. In riƙon taya bai kai biyar ba, to motar ta daina jin maganar sitiyari. Ya kuma kafa min doka ɗaya: kada in sa hannu a kwana sai na je wurin na zauna na ga irin mutanen da za su bi ta. Ya ce direban da ke cikin littafi mutumin kirki ne, yana karanta allo, yana rage gudu tun daga nesa, amma shi duk yawonsa bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Shekara bakwai na yi a ƙarƙashinsa, kuma ban ga ya sassauta wa kowa ba. 'Yan kwangila sun tsane shi, don su kullum kwana mai matsi suke so, saboda buɗaɗɗiya tana cin fasa dutse. Manya kuma nasu ya fi ban haushi. Na tuna wani babban mutum da ya sami fili a Maitama lokacin ana yanka ta, ya aiko direbansa da kwalin lemo da saƙon cewa a ɗan lanƙwasa hanya kada ta taɓa inda zai yi katangarsa. A ɗan lanƙwasa, sai ka ce tabarma. Oga Bitrus ya mayar da lemon, ya rubuta a 'yar takarda gudun da motar mutumin za ta yi kafin ta shiga falonsa ta cikin katangar. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Shekarar da gwamnati ta tattaro daga Legas ta dawo nan, ita ce mummunar shekarata. Oga Bitrus ya riga ya yi ritaya ya koma gonarsa a Kwali, kujerarsa ta zama tawa. Kullum tireloli na shigowa da kabad da fayil-fayil da kujerun ma'aikatu, ga hanyoyi rabi kwalta rabi jar ƙasa. Kowa ihu yake a kan na ƙasa da shi. Abin da garin ya fi bukata a lokacin tsakuwa ce, aka buɗe wani sabon wurin fasa dutse a kan tudu ta bayan Karshi, aka ce a fitar da hanyar da tifofi za su riƙa gangarowa da kaya. Kwana goma sha ɗaya ke cikinta. An ba ni yini huɗu.

Ta bakwai ita ce a gindin gangaren, inda hanya ke zagaye wani ƙaton dutse kafin ta tsallake rafi ta sake hawa. Nisan tsakiyarta mita ɗari. Gudun da aka tsara wa hanyar kilomita hamsin ne a awa, wato kusan mita sha huɗu a daƙiƙa. Sha huɗu sau sha huɗu, a raba da ɗari, ya ba ni kusan biyu. Taya a kan busasshiyar kwalta tana riƙe ninkin haka har da ƙari. Na duba littafin ƙa'ida, ya yarda. Na sa a kafa allo mai hamsin a saman gangaren. Ban je wurin ba. Jif ɗin tana gareji, shugaba na tsaye a kaina, na ce a raina ai wannan ko makaho ya gani lafiya lau take. Na sa hannu.

Da ruwan farko ya sauka, wata tifa ta kife a kwanar. Direban ya karye a hannu, aka kwashe tsakuwar, aka rubuta cewa gudun wuce sa'a ne. Kowa a ofis ya gamsu. Ni ma na so in gamsu, amma na kasa, don dai na san dokar da na karya. Ranar kasuwar Karshi na hau motar haya da agogona da turaku biyu na tafi.

Abin da na fara lura da shi ba da ido ba ne, da kunne ne. Tifa mai cike da tsakuwa in tana gangara a giya, kukan injinta kana jin sa tun daga nesa. Waɗannan shiru suke zuwa. Sai ƙarar taya da iska, sai ka ga ƙatuwar mota ta ɓullo ta bayan dutse. Na kafa turakuna da tazarar mita ɗari kafin bakin kwanar, na riƙa aunawa da agogo. Daƙiƙa biyar. Daƙiƙa biyar da ɗigo. Daƙiƙa biyar. Mita ashirin ke nan a daƙiƙa, sama da saba'in a awa. Ashirin sau ashirin a raba da ɗari, huɗu. Gudun bai ninka ba, amma jan tsakiya ya ninka. Wannan kaɗai bai tsorata ni ba kamar na biyun: babu wadda ta taka birki kafin kwanar. Sai sun shiga cikinta tsundum sannan jar fitilar birki ta kama. Na bi baƙaƙen sawun taya a kan kwalta na ƙiyasta ƙarfin birkin, ya kai uku. Uku da huɗu, biyar. Ga tsakuwar da ke zubowa daga motocin ta barbazu a kan kwalta, ga ruwa. A irin wannan ƙasa taya ba ta riƙe biyar. Nan na gane ba lissafina ne ke fitar da motocin nan daga kwanar ba, sauran kwana ne kawai.

A wajen kwanar, daidai inda mota za ta dosa in ta ƙwace, akwai wata babbar bishiyar ɗorawa. A ƙarƙashinta mata kusan goma ne zaune da doya da itacen girki da gyaɗa.

Na fara zuwa wurin direbobin, a rumfar mai abinci da ke bakin rafi. Wanda ya kula ni wani ne mai suna Garba, mutumin Lafiya, ya manyanta, ba yaro mai rawar kai ba. Na tambaye shi me ya sa motocinsu ba sa kuka.

Ya ce, "A firi muke gangarowa, oga. Cire giya muke."

Na ce, "Da kaya? Ba ku san giya ce ke riƙe mota a gangare ba?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi ko ya san sunan babansa. "Mun sani mana. Man da kamfani ke ba mu a aune yake, na sawu shida. In ka gangara a giya, a sawu na biyar za ka tsaya a hanya, su ce ka sayar. Kowa a firi yake zuwa."

"To ku taka birki tun daga sama, wurin allo."

"In na kashe gudu a sama, da me zan hau wancan tudun bayan rafi? Sai in sake ƙona man da na rage. Muna barinta ta zo da ƙarfinta, in ka ji za ta fi ƙarfinka sai ka ɗan taɓa."

"A cikin kwanar."

"To a ina za ka ji, oga, in ba a ciki ba?"

Duk abin da ya faɗa, da na zo na zauna yini ɗaya kafin in sa hannu, da na ji shi. Wanda ya aune musu mai a ofishin kamfani bai san ya shiga lissafin kwanata ba, ni ma ban san ya shiga ba.

Daga nan na tsallaka wurin matan. Babbarsu ana ce mata Mama Talatu, doguwa, kafaɗarta ɗaya ta sauka saboda ɗaukar kaya. Na gaishe ta, na ce ni ma'aikacin hanya ne, na roƙe su su koma ɗaya gefen, ta cikin kwanar, don nan inda suke mota za ta iya ƙwacewa ta same su. Ta saurare ni har na gama, tana jera doya.

Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Oga, can gefe inuwa babu. Mai saye ma wurin tsayawa babu, dutse ne."

Na ce, "Mama, rai ya fi ciniki."

Sai ta ajiye doyar. "Ku ne ya zo garinmu ya ce mu tashi, za a yi birni. Mun tashi. Ku ne ya zo gona ya ce hanya zai wuce. Mun ba ku. Yanzu itace ɗaya da muke zama, shi ma mu tashi? Ku gyara hanyanku mana. Ba ku ne ya yi ba?"

Na ce mu ne. Na yi mata alkawari za a gyara.

Shugabanmu a lokacin Injiniya Kabiru ne, mutumin Katsina, ya yi karatu a waje, kansa yana ja ƙwarai. A ofis ba ka samun minti biyu da shi, don haka ranar Asabar na bi shi gidansa a Maitama. Maigadi ya bar ni a bakin get kusan awa guda ina kallon mai ban ruwan fulawa. Da aka shigar da ni, na shimfiɗa takardata a kan teburin falo na bi masa lissafin tiryan-tiryan. Na ce a buɗe kwanar zuwa mita ɗari biyu. Jan tsakiya zai sauko biyu, ko sun taka birki a ciki jimlar ba za ta kai huɗu ba. Sai dai a fasa gefen dutsen, a rufe hanyar kamar mako shida.

Bai ko ɗauki biro ba, a ka ya yi lissafin, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ne, Malam Sale. Biyar ne." Wannan gyaɗa kan har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Da bai gane ba, da na yi masa uzuri.

Ya ce, "Wa ya sa hannu a zanen farko?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Akwai kuskure a ciki?"

"Babu, amma..."

"Ya saɓa wa littafin ƙa'ida?"

"Bai saɓa ba."

"To me kake so in rubuta wa na sama da ni? In ce a tsayar da tsakuwa mako shida, ga ma'aikatu suna sauka kullum, saboda direbobi ba sa bin doka? Za su ce a kama direbobin, kuma su ne da gaskiya a takarda. Mu hanya muke yi, ba tarbiyya ba."

Na ce, "Yallaɓai, akwai mata a wurin."

Ya ce, "Ba a kan zane suke ba. Ka sa a ƙara allo. In an gama tarewa, ka tuna min."

Aka kawo min lemo mai sanyi. Ban sha ba, kuma bai lura ba.

Takarda uku na rubuta a daminar nan, kowacce ina ƙarar sa hannuna da kaina. Abokan aiki suka riƙa yi min dariya, wai ba su taɓa ganin wanda ke roƙon a tuhume shi ba. Ta farko aka rubuta mata "an gani". Ta biyu ta ɓace. Ta uku ta dawo da jan biro cewa in riƙa bin matakan da suka dace. Na nemi ko tudun ƙasa ne a tara a wajen kwanar ya tare mota, aka ce ba ya cikin kwangila. Na je ofishin kamfanin tsakuwar na ce su ƙara wa direbobi mai, manajan ya tambaye ni ko ni ne sabon akawunsu. Allo kam an ƙara, ƙato, mai jan rubutu. Garba ya ce min yana da kyau.

Sau biyu na sake komawa wurin matan. Wasu sun ji tsoro sun koma bakin rafi. Mama Talatu da wasu biyu suka zauna, don hanyar gonarta a gindin ɗorawar take ɓullowa, kuma doya ba abin da za ka yi ta yawo da shi ba ne a kafaɗa. Zuwana na ƙarshe ta tambaye ni yaushe za a fara gyaran da na ce. Na ce an kusa. Ƙarya na yi mata, kuma na san ƙarya ce tun kafin ta fita daga bakina.

Lokacin sabuwar doya abin ya faru, da hantsi, bayan an ɗan yi yayyafi. Garba ne. Ya gangaro kamar yadda ya saba gangarowa sau shida kowace rana, ya ji ta yi masa ƙarfi, ya taɓa birki. Motar ta daina bin sitiyari ta miƙe sak. Mata biyun suka tsira da raunuka. Mama Talatu ko asibiti ba a kai ta ba. Da na isa wurin da yamma na auna sawun tayar, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Daga inda ta ƙwace zuwa gindin bishiyar, layi ne miƙaƙƙe kamar da rula aka ja shi.

Aka kafa kwamiti. Suka karɓi zanena na farko, suka bi shi lamba-lamba, suka rubuta cewa lissafi daidai yake, ya cika duk ƙa'ida, laifin direba ne. Na ce su duba takarduna uku, shugaban kwamitin ya ce ba sa cikin abin da aka ɗora musu. Garba ya tafi gidan yari. Ni aka ba ni takardar wankewa, har wani ya zo yana taya ni murna a baranda. Ban taɓa jin ƙyamar takarda kamar wannan ba.

Mutanen ƙauyen su Mama Talatu kuwa ba su jira kwamiti ba. Gumaguman itace suka jera a kan hanyar, suka zauna a kai, tifa ko ɗaya ba ta wuce ba. Da tsakuwa ta yanke yini uku, sai ga umarni daga sama cewa a buɗe kwanar nan take. Zanen da na shimfiɗa a falon Maitama shi aka ɗauko, ko ɗigo ba a canja ba. Aikin da aka ce garin ba zai iya jure masa mako shida ba, cikin ƙasa da mako uku aka gama shi, ana aiki ba ji ba gani. Gwamnati ta ci gaba da tarewarta, babu ma'aikatar da ta rasa wurin ajiye kujera.

To ku da kuke cewa danna ka wuce, ku gane abin da nake gaya muku. Kwamfutarku ta fi ni saurin lissafi, ban musa ba, kuma da tana nan a lokacin da ta ba ni biyun nan da na samu da fensir. Gudun da ka zuba mata shi take sani. Ba za ta tambaye ka ko gudun ɗaya ne daga bakin kwana zuwa ƙarshenta ba. Ba ta san a ina ƙafar direba ke sauka a kan birki ba, ba ta san wa ke aune masa mai ba, ba ta san inda inuwa take ba. Daga shekarar nan har na yi ritaya ban sake sa hannu a kwanar da ban zauna a bakinta ba, ko ta shiga gidan mutum ce. An kira ni mai taurin kai, an tsallake ni a ƙarin girma sau biyu, an tura ni Kwali auna kwalbati shekara huɗu. Ko a jikina.

Sai bayan an gama gyaran na iya zuwa gaisuwa, don kafin nan ƙafata ta ƙi. Aka nuna min gidan, ɗakuna uku na sabon matsuguni da rufin kwano. Mijinta, Baba Danjuma, yana zaune a kan kututture yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, na ce daga ofishin hanya nake. Na shirya ya zage ni, ko ya kira yara su fitar da ni. Ya sa aka kawo min ruwa.

Ya ce, "Kai ne mai agogo? Wanda ya zo ya ce ta tashi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ta ba ni labari. Ta ce akwai mutum ɗaya a cikinsu mai kirki, ya ce an kusa gyara. Shi ya sa ta ce bari ta ƙara haƙuri kaɗan."

Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba da feƙe ƙotarsa na ɗan lokaci, sannan ya ɗago.

Ya ce, "Ashe ka sani."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce in sha ruwana, hanya da nisa.